Yadda Ake Haɗa Fodkas Na Bidiyo Na Farko Ba Tare Da Na'ura Ta Kunyata Ku A Aji Ba

Idan malam ya raba ku rukuni-rukuni ya ce kowane rukuni ya kawo fodkas na bidiyo, wato hira ta minti goma ko goma sha biyar mai hoto da murya, abin da ɗalibai suka fi ɓata lokaci a kai shi ne wa zai gabatar da kuma kayan da za a sa. Ko a lise kuke ko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, labarin bai cika canzawa ba. A shirya tambayoyi, a sami baƙo, a yi hira mai daɗi, sai an zo kallo a tarar murya ta nutse cikin ƙarar fanka, ko baki na motsi magana na biyo shi daga baya, ko fayil ɗin ya ƙi buɗewa ɗungurungum. Yawancin matsalolin nan ba kuɗi suke so ba. So suke a gan su kafin ranar ɗauka, kuma abin da ke tona su shi ne gajeren gwaji da za a bi da shi tun daga danna maɓalli har zuwa na'urar da za a nuna aikin da ita a aji. Matakai biyar na farko duk shirin wannan gwajin ne.

Mataki na farko: ku san abin da malam zai karɓa

Kafin kowa ya taɓa waya, shugaban rukuni ya sami malam bayan darasi. “Malam, don Allah minti nawa ake so? A kwance za mu ɗauka ko a tsaye? Ta ina za mu miƙo, kuma da me za a nuna?” Amsoshin nan su za su yanke girman fayil da ko kuna buƙatar intanet ma. In da majigi za a haska, a kwance ake ɗauka, ma'aunin 16 da 9. Ku tambayi harshe kuma. Idan baƙonku da Hausa zai yi magana alhali darasin da Faransanci ake yi, akwai aikin rubuta fassara a ƙasan hoto, wanda yakan ci lokaci fiye da ɗaukar kanta.

Mataki na biyu: da kunne ake zaɓar wuri

Ido yakan yaudari mutum a nan. A ga aji fes, ga allo ga tebura, sai a ce ai nan ya dace. Alhali ajin da ba kowa ciki, mai daɓen siminti da rufin kwano da bango tsirara, yana cikin mafi munin wuraren ɗaukar murya, domin magana na bugun bango tana dawowa, makirufo yana kwashe ta sau biyu sau uku. Ku tsaya tsakiyar ɗakin ku tafa sau ɗaya da ƙarfi. In tafin ya mutu nan take, ɗakin ya yi. In kun ji yana jan wutsiya, amsa-kuwwa ce, kuma da wuya a raba ta da murya bayan an ɗauka.

Ƙaramin ɗaki mai katifa, labule, darduma da kaya a rataye ya fi aji nesa ba kusa ba. Ɗakin ƙasa mai kauri, irin wanda ake samu a tsofaffin unguwanni da ƙauyukan kewaye, ya fi su duka, ga sanyi ga haɗiye ƙara. In kuwa dole sai a aji, ku shimfiɗa tabarmi da dardumai, ku rataya barguna a bangon da masu magana ke fuskanta, inda kyamara ba ta gani.

Daga nan kowa ya yi shiru na minti ɗaya cur, ya kasa kunne. Kunnen ɗan Maradi ya saba da kabu-kabu da adaidaita, da injin niƙa na maƙwabta, da janaretan mai shagon caji, da karatun almajirai, da awaki da zakaru, har ba ya jin su. Makirufo bai saba da komai ba, duk zai kwashe. Ku yi wannan sauraren a daidai sa'ar da za ku ɗauka, domin unguwar da ke shiru da hantsi tana iya zama kasuwa bayan la'asar. Gidan da ke bakin hanyar manyan motoci masu zuwa Dan Issa ko Zinder, ku haƙura da shi komai kyansa. Ku kuma lissafa da lokutan salla. Masallatan unguwa ba a daƙiƙa ɗaya suke kira ba, wannan ya gama wancan ya ɗauka, saboda haka ku tsara a tsaya, a yi salla, a dawo. Ni dai na fi son hantsi: gari bai ɗau zafi ba, haske mai taushi ne, injinan niƙa da yawa ba su tashi ba. Da damina ku dubi sama kafin ku fara, yayyafi kaɗan a kan kwano ya isa ya binne hira.

Fanka kuma a kashe ta. Na san abin da na faɗa, na kuma san yadda ɗaki yake a watan Afrilu. A kashe ta minti goma, a ɗauka, a kunna a sha iska, a sake kashewa.

Mataki na uku: murya, inda rabin aikin yake

Mutum zai iya kallon hoto mai ɗan duhu har ƙarshe, amma muryar da ba ta fita, babu mai jure ta ko na minti biyu. Fodkas kuwa magana ce aka ƙara wa hoto. Ƙa'idar guda ce, makirufo ya matso kusa da baki. Wayar da ke ɗaukar hoto tana can taku uku ko huɗu, makirufonta ɗakin yake ji fiye da mai magana. Duk sanda aka ninka tazara, ƙarfin muryar yakan ragu da kusan desibel 6 a ma'aunin ƙarfin sauti, ita kuwa hayaniyar ɗaki tana nan yadda take. Abin da ake so shi ne taƙi ɗaya tsakanin baki da makirufo, kimanin santimita 20.

Hanya mafi arha ita ce waya ta biyu ta zama rakoda. A rukunin mutum biyar ba za a rasa wayoyi uku ba: ɗaya ta hoto, biyu na murya, kowane mai magana da tasa. Ku naɗe ɗankwali ko tawul ku ɗora wayar a kai don kada ta ji bugun tebur, ƙasan wayar yana kallon bakin mai magana, domin a nan makirufon yake. Ku shiga saitin manhajar ɗaukar murya ku zaɓi inganci mafi girma. In akwai tsarin fayil na WAV ku ɗauke shi, a kan kilohaz 48, wanda shi ne ma'aunin da bidiyo ke tafiya da shi. Ba ya cin wuri, minti ɗaya bai wuce kimanin megabait 6 ba in murya ɗaya ce.

Hanya ta biyu ita ce ɗan makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga. A nan akwai tarkon da ke kama kusan kowa. Ku ɗauki kan igiyar, ƙarfen da ake sokawa a waya, ku ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikinsa. Zobe uku, na waya ne. Zobe biyu, na kyamara ne ko kwamfuta, kuma in kun soka shi a waya zai shiga daram, ba abin da zai nuna muku akwai matsala, amma wayar za ta ci gaba da ɗauka da makirufonta na ciki. Sai an gama hira a ga na riga ado kawai ya yi. Akwai ƴar mahaɗa da ke mai da mai zobe biyu ya yi aiki a waya, ku nema wajen masu kayan waya a kasuwa, ku gwada ta a gabansu kafin ku biya. Gwajin ba wuya: ku fara ɗauka, ku ja makirufon iya tsawon igiyarsa, ku sosa kansa da farce, sannan ku saurara. In susar ta fito da ƙarfi, yana aiki. In ba ta fito ba alhali zobe uku ne, laifin manhajar kyamara ne, don wasu ba sa kula makirufon waje. Manhajar Open Camera, wadda kyauta ce a Android, tana ba da damar zaɓar inda murya za ta shigo. Wanda bai da kuɗin makirufo, ekuter mai igiya da ke zuwa da waya yana da nasa ɗan makirufo, a maƙala shi da fil a ƙirji, ya fi babu sosai.

Makirufo masu aiki ba igiya, waɗanda ake soka ɗan karɓarsu a ramin caji, suna da daɗin aiki, sai dai wasu wayoyin sai an kunna OTG a saiti, wato damar jona na'ura ta ramin caji, kafin su gan su, kuma batirinsu ƙarami ne, a cika shi a daren. Ekuter na Bluetooth kuwa ku bar shi, muryarsa a shaƙe take fita kuma tana makara.

Sai tufafi. Makirufo a ƙarƙashin hijabi ba abin da zai ɗauka sai gogar yadi, a maƙala shi ta waje, a ɗan ƙasa da haɓa. Shadda mai sitati in mai ita ya motsa, a makirufo ji za ku yi kamar ana murza leda, saboda haka a kafa shi inda yadi ba ya haɗuwa da yadi. Awarwaro, agogo da carbi masu bugun tebur, a roƙi masu su su ajiye na ɗan lokaci. In a tsakar gida ne kuma akwai iska, ɗan soso a kan makirufo yana rage fuu-fuu.

Abu biyu na ƙarshe a wannan babi. Muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta wajen montaj, wadda ta yi yawa har ta fashe ba ta gyaruwa. In manhajarku na nuna ma'auni, ƙololuwar magana ta tsaya tsakanin −12 da −6, kada ta taɓa ja. Sannan kada a ɗauki murya waya na jone da wutar gida. Caja marar kyau tana shigar da wani gurnani siriri da ba a ji sai an sa ekuter.

Mataki na huɗu: hoto da haske

Kyamarar baya ta fi ta gaba. A goge idonta da tsumma mai laushi kafin kowace ɗauka, musamman da hunturu, lokacin da ƙura ke sa hoto ya fito da hazo a zaci wayar ce ba ta da kyau. Kada kowa ya riƙe waya a hannu na minti goma. In ba mai ƙafa uku, a jera littattafai a kan tebur har su kai daidai idon masu magana, a tokare wayar da kyau.

Taga ta kasance a gaban masu magana ko a gefensu. In tana bayansu, inuwarsu kawai za a gani. Farar riga ma tana da nata: waya tana auna haske da abin da ya fi fari, sai ta rage, fuska ta yi duhu. Maganin shi ne ku ɗora yatsa a kan fuskar mai magana a gilashin waya ku riƙe har alamar kulle ta fito, a yawancin wayoyi wannan yana tsayar da haske da saitin ido wuri ɗaya. Riga mai ƙananan ratsi kuma rawa take yi a bidiyo, gara mai launi ɗaya.

Akwai wata matsala da ke ruɗa mutane, baƙaƙen layuka masu yawo a hoto in an ɗauka ƙarƙashin ƙwan lantarki. Dalilinta lissafi ne. Wutar Nijar volt 220 ce mai juyi 50 a daƙiƙa, don haka ƙwai da yawa, musamman dogayen nan da masu arha, suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. Ido ba ya gani. Wayoyi kuwa galibi an saita su a kan hoto 30 a daƙiƙa, wanda ya dace da ƙasashe masu juyi 60 irin su Amurka. Ku nemi wurin hana ƙiftawa a saitin kyamara ku sa shi a 50, ko ku mai da ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa in wayar ta yarda. In janareta ne ke ba da wuta, juyinsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, saiti ba zai yi magani ba. A kashe ƙwan, a buɗe taga.

Girman hoto kuwa, 1080 ya isa har ya yi yawa. Ku manta da 4K, ba abin da zai ƙara muku sai zafin waya da cikar memori.

Mataki na biyar: ita kanta wayar

Bidiyon 1080 a yawancin wayoyi yana cin kimanin megabait 120 zuwa 130 a minti. Hirar minti 20 ta kai gigabait biyu da rabi, kuma manhajar montaj za ta so ninkin haka don ta yi aiki. Ku share wuri tun jiya, aƙalla gigabait 8. Ku ɗauka a memorin cikin waya in da hali. Katin memori na jabu ya cika kasuwa, a rubuta 64 a jiki alhali cikinsa bai kai ba, kuma ba ya nuna halinsa sai ya cika ya fara cinye abin da ke ciki. Katin da bai wuce gigabait 32 ba kuma yawanci tsarin FAT32 gare shi, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura gigabait 4. Irin wannan iyakar tana kan kile USB da yawa.

Zafi shi ne babban abokin gaba a nan garin. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne don aiki tsakanin digiri 0 da 35, sauran ma ba su yi nisa da haka ba, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu digiri 40 ba labari ba ne. Waya in ta yi zafi takan rage gudu, hoto ya riƙa tsalle, daga baya ta rufe kyamara da kanta. A cire mata riga, a rage hasken gilashi, a nisanta ta da rana, kada a yi caji ana ɗauka. In ta ɗau zafi a kashe ta a ajiye a inuwa gaban fanka. Kada a sa ta a firji, raɓa za ta taru a cikinta.

A danna alamar jirgin sama a duk wayoyin da ke ɗakin, har da ta baƙo in ya yarda. Kira ɗaya ya isa ya yanke ɗauka, kuma waya mai neman rezo kusa da igiyar makirufo tana shigar da ƙara.

Sannan a riƙa tsayawa duk bayan minti takwas ko goma. Fayil ɗin MP4 sai a ƙarshen ɗauka ake rubuta masa jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake. In batir ya mutu ko waya ta sanƙare kafin a danna tsayawa, fayil ɗin zai nuna yana da nauyi amma ba zai buɗe ba. Wanda ya yanka hirarsa gida uku, in abin ya faru kashi ɗaya ya rasa.

Mataki na shida: gwajin minti uku

Kwana biyu ko uku kafin zuwan baƙo, ku haɗu a wurin, a sa'ar, da wayoyin da za a yi aikin da su. Biyu daga cikinku su zauna su yi hira ta minti uku, kowace iri. Kada ku tsaya a kallon ta a waya ku ce ta yi. Ku kwashe fayilolin zuwa inda za a yi montaj, ku haɗa murya da hoto, ku rubuta suna a ƙasa, ku fitar da bidiyon, ku aika ta hanyar da malam ya ce, ku buɗe shi a kwamfutar da za a nuna da ita. Ku saurara da ekuter, sannan da lasifika. Duk inda aka tuntuɓe, a gyara a sake. Rukunin da ya tsallake wannan matakin zai yi gwajinsa ne a kan baƙo, kuma dattijon da ya bar shagonsa ya ba ku awa guda ba lalle ya sake ba ku wata ba.

Ranar ɗauka

Ku riga baƙo isa, komai a kafe. Da an kunna, a fara da neman izini a gaban kyamara: “Baba, za mu ɗauki hotonka da muryarka, a ajinmu za a nuna. Ka amince?” In kuna da niyyar sa shi a YouTube ko Facebook, ku faɗa masa a nan, amincewa da aji daban, amincewa da duniya daban.

A kunna wayoyin murya, a kunna ta hoto, kowa ya tabbatar da bakinsa cewa tasa na tafiya. Sai mutum ɗaya ya shiga gaban kyamara ya tafa sau ɗaya, tafi mai kaifi, hannuwansa a fili. A maimaita tafin a farkon kowane yanki da ƙarshensa. Kafin a fara magana kuma a yi shiru na daƙiƙa 20 ana ɗauka, za ku ga amfaninsa. Mutum ɗaya aikinsa kawai ya tsaya bayan waya yana duba jan ɗigon nan da batir. In babur ya wuce ko jariri ya yi kuka, mai gabatarwa ya dakata, ya ce, “Baba, a yi haƙuri, a ɗan maimaita daga inda ka ce…”

Kafin a watse, a kwafe komai zuwa wuri na biyu, ta igiya ko ta Xender, a sa wa fayiloli suna mai ma'ana. Kada a tura su ta WhatsApp a matsayin bidiyo, matse su yake yi ingancin ya zube.

Montaj

A waya, CapCut, InShot ko KineMaster duk suna yi, sai dai ku duba tun a gwaji ko na kyautan zai manna muku tambarinsa. A kwamfuta, Shotcut da Kdenlive kyauta ne kuma ba sa neman na'ura mai ƙarfi sosai. Ku jera hoto a sama, muryoyi a ƙasa, ku buɗa zanen murya. Tafin nan zai fito tsini ɗaya dogo a kowane layi. Ku ja layukan har tsinayen su hau kan juna, ku duba ya dace da inda tafukan hannu suka haɗu a hoto, sannan ku kashe muryar wayar hoto. Sai an yi wannan ake fara yanka.

In farko ya dace amma can ƙarshe baki da murya sun rabu, dalili biyu ne. Agogon cikin wayoyi biyu ba ya tafiya daidai ɗari bisa ɗari, kuma waya ba ta riƙe adadin hotunanta a tsaye, takan rage in haske ya yi ƙasa ko ta yi zafi. Na farkon, gajerun yankuna da tafin ƙarshe suna maganinsa. Na biyun, a bi da bidiyon ta manhajar HandBrake, a sashen bidiyo a zaɓi adadin hotuna tsayayye maimakon mai canzawa, a yi montaj da sabon fayil ɗin.

Shirun daƙiƙa 20 kuwa na Audacity ne, manhajar gyaran murya. A zaɓi wurin shirun, a nuna wa sashen rage hayaniya cewa wannan ce ƙarar ɗakin, sannan a zaɓi duka a rage. A yi da sauƙi, in aka matsa murya takan koma ta ƙarfe. In waya ta ɗauki murya a tsarin M4A kuma Audacity ya ƙi buɗe fayil ɗin, wani ƙari mai suna FFmpeg yake nema, wannan ma yana cikin dalilan da suka sa na ce WAV.

Wajen rubuta sunaye, ku lura da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, amma salon haruffa da yawa na ado a manhajojin montaj ba su san su ba, sai ka ga akwati a madadin harafi, ko harafin ya fito da wani salo dabam. Noto Sans da Andika suna da su duka. Kiɗan buɗewa kuma, in za a ɗora a YouTube, kada a ɗauko waƙar wani mawaƙi. Na'urarsu tana gane ta, tana iya toshe bidiyon. Suna da rumbun kiɗan kyauta, ko wani a rukunin ya kaɗa kalangu na daƙiƙa biyar ku ɗauka.

Fitarwa da miƙawa

Ku fitar a MP4 mai tsarin H.264. Sabbin wayoyi suna son H.265, wanda ya fi ƙanƙanta, amma tsofaffin kwamfutoci sukan ba da murya ba hoto. Don aji, 720 ya wadatar. A megabit 3 a daƙiƙa, minti 15 zai tsaya wajen megabait 340, abin da forfe zai iya ɗauka. Waya na fitarwa a bar ta ta gama, kada a fita daga manhajar. Bayan nan mutum biyu su kalla daga farko har ƙarshe ba tsallake.

Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25. WhatsApp yana ɗaukar har gigabait 2 in an tura a matsayin takarda, kuma ta nan ba ya matsewa. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, amma a tuna a buɗe izini, in ba haka ba malam zai danna ya tarar da ƙofa a rufe. YouTube ba ya karɓar bidiyon da ya wuce minti 15 sai an tabbatar da asusu da lambar waya, kuma in ba ku so kowa ya gani, ku zaɓi “non répertoriée”, sai mai adireshin kaɗai. Ku ɗora da dare ko da asuba lokacin da rezo ya fi sauƙi, kuma ba a daren ƙarshe ba.

Ranar nunawa

Ku zo da bidiyon a wuri uku: kile, waya, da kwamfutar ɗayanku mai cikakken caji da manhajar kallon bidiyo ta VLC a ciki. Ku dubi igiyar majigi. In mai shuɗin kai ce mai ƙusoshi biyu, wato VGA, hoto kawai take kaiwa, murya sai ta lasifika daban. In HDMI ce, kwamfuta takan tura muryar zuwa majigin, wanda lasifikarsa ƴar mitsitsiya ce ko babu ma, sai a shiga saitin sauti a dawo da ita. Ko ta yaya ku aro lasifika mai batir da igiyarta, don muryar kwamfuta ba ta wuce layi na biyu a aji mai cike. In an ɗauke wuta, ita wannan lasifikar da kwamfutar sun isa a ci gaba: a ɗora kwamfutar a kan teburin malam, na gaba su ga hoto, na baya su ji hira.